Ranar Afdet: Abin da Za Ka Yi Idan Sabar Gem Ta Faɗi

Wata rana da hantsi ƙanina ya faɗo ɗakina a Unguwar Dosa a Kaduna, waya a hannu, fuska a murtuke. "Yaya, gem ɗin nan ya ƙi buɗewa tun asuba. Na goge shi na sake saukewa, har yanzu shiru." Na tambaye shi ko ya taɓa haɗa asusunsa da imel ko da Google. Sai ya sunkuyar da kai. Kafin azahar wasan ya dawo da kansa, domin dama masu shi ne suka rufe shi suna gyara. Amma abin da yaron ya shafe fiye da shekara yana tarawa ya tafi ke nan, haɗe da datar da ya ƙona wajen sake saukewa. Garin neman gira ya rasa ido.

Irin wannan ɓarnar ce ta fi yawa a ranar afdet, wato ranar da ake sabunta wasa, kuma da hannunmu muke yin ta. Faɗuwar saba awanni take ɗauka, in ta yi tsanani kwana ɗaya ko biyu, sannan ta tashi. Abin da ka goge cikin fushi shi ne ba ya dawowa. Don haka aikin farko a irin wannan rana shi ne ka gano a ina matsalar take: a wajen kamfanin, a kan hanya, ko a hannunka. Kafin ka san wannan, kada ka taɓa komai.

Me ke faɗuwa idan an ce saba ta faɗi

Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfuta ce mai ƙarfi da ke zaune a wani katafaren gini, sau da yawa a Turai ko Amurka ko Asiya, tana karɓar saƙon wayarka tana mayar da amsa. Sai dai wasan intanet ba saba ɗaya ke riƙe da shi ba. Akwai mai tsaron ƙofa, wadda ke duba sunanka da kalmar sirrinka. Akwai rumbun bayanai, inda aka rubuta matakinka da kuɗinka da kayan da ka saya. Akwai mai haɗa ka da abokan karawa. Akwai wadda ake buga wasan a kanta. Sannan akwai masu rarraba fayil ɗin afdet ɗin kansa. Kowace daga ciki na iya durƙushewa ita kaɗai, shi ya sa za ka ga abokinka na ciki yana buga wasa lafiya lau, kai kuwa an hana ka shiga. Shi ya riga ya wuce ƙofa, kai kuma ƙofar ce ta cushe.

Ƙofar nan ita ce ta fi shan wahala a ranar afdet. A ranakun da aka saba, mutane na shiga ne a warwatse, wannan da safe, wancan da dare. Amma idan aka rufe wasa na awanni aka ce za a buɗe ƙarfe kaza, duniya gaba ɗaya za ta taru a bakin ƙofa a minti guda. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki Kasuwar Barci ana saura kwana uku Sallah ya san wannan lissafi. Telan bai lalace ba, kekensa ma lafiyarsa ƙalau, aikin wata biyu ne aka jibga masa a mako ɗaya. Abin da ke ƙara dagula lamarin kuwa shi ne duk wanda aka hana shiga sai ya sake dannawa, ya sake, ya sake. Mutum dubu ɗari masu dannawa sau goma sun zama buƙata miliyan ɗaya a kan na'urar da dama numfashi take da ƙyar.

Za ka ce, to me ya hana su ƙara saba tunda suna da kuɗi? Tambaya ce mai kyau, kuma wani lokacin rowa ce kawai: cunkoson na kwana biyu ne ko uku, kamfani ba ya son biyan kuɗin abin da zai zauna ba aiki bayan mako guda. Amma ba kullum ba. Sabar da ake buga wasa a kai ana iya ƙara ta cikin sauƙi ta hanyar haya. Rumbun bayanai kuwa ba haka yake ba, domin dole lissafin kowa ya zama ɗaya a ko'ina, in ba haka ba kuɗinka zai ɓace ko ya ninku. Wani lokacin kuma hasashen ne ke ƙwacewa. Da aka saki Pokémon Go a watan Yulin 2016, Google, wanda sabobinsa ke ɗauke da wasan, ya bayyana cewa cunkoson ya ninka abin da aka tsara har sau 50, alhali mafi munin abin da suka yi tanadi dominsa ninki biyar ne. A Disambar 2021 kamfanin Square Enix ya dakatar da sayar da Final Fantasy XIV na wani lokaci bayan fitowar sabon ɓangarensa, Endwalker, saboda layin shiga ya yi tsawo kuma ƙarancin kayan haɗa kwamfuta da duniya ke fama da shi a lokacin ya hana su samun sababbin sabobi. Kamfani ya ce kada a kawo masa kuɗi, ai ka san abin ya kai inda ya kai.

Ba sabon ciwo ba ne. Diablo III ya fito ranar 15 ga Mayu 2012, mutane suka kwana suna kallon saƙon "Error 37". SimCity na 2013 ya tilasta wa kowa shiga intanet ko da shi kaɗai zai yi wasa, sabobin suka gaza, har kamfanin EA ya ba masu saye wani wasan kyauta don ban haƙuri. GTA Online ya fara da tuntuɓe a Oktoban 2013. Overwatch 2 kuma a ranar fitowarsa, 4 ga Oktoba 2022, ban da cunkoson 'yan wasa sai da aka haɗa masa da harin da ake turo wa saba buƙatun bogi bila adadin don a toshe ta. Idan waɗannan manyan sun faɗi, wasan da ke wayarka ba zai gagara ba.

Shirin jajibere

Rabin aikin ana yin sa ne kafin ranar.

Fara da asusunka, yau ba gobe ba. Buɗe saitin wasan ka duba ko a matsayin baƙo kake bugawa. Asusun baƙo a cikin wayar kaɗai yake da makulli, ranar da ka goge manhajar ko wayar ta faɗa ruwa, dawo da shi sai an sha wuya, sau da yawa ma ba ya yiwuwa. Haɗa shi da Google ko Facebook ko Apple, ko da asusun kamfanin kansa, kamar Konami ID ga masu eFootball ko asusun Activision ga masu Call of Duty: Mobile. Ka tabbata kana tuna kalmar sirrin imel ɗin da ka haɗa, domin da yawanmu mai shagon waya ne ya buɗe mana imel ɗin ranar da muka sayi wayar, ba mu sake waiwayarsa ba. Sannan ka ɗauki hoton shafin da ke nuna sunanka da lambar shaidarka ta cikin wasa, da na kayanka da kuɗinka, ka tura wa kanka a wani wuri. Idan abu ya ɓaci, wannan lambar ce za a fara tambayarka.

Na biyu, san lokacin da za a rufe da lokacin da aka ce za a buɗe, a agogon Kaduna. Nan mutane ke yawan ruɗewa. Yawancin sanarwa da agogon UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, ake yin ta, mu kuma muna gaba da shi da awa ɗaya duk shekara, ba ma canzawa. Idan an ce 08:00 UTC, ƙarfe 9 na safe ke nan a wajenmu. Idan da agogon yammacin Amurka aka rubuta, wato PT, ƙara awa 8 daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watannin kuma awa 9, domin su suna matsar da agogonsu. Na gabashin Amurka, ET, awa 5 ne a wancan tsakanin, 6 a sauran. Japan na gaba da mu da awa 8, sai ka rage. Indiya na gaba da mu da awa huɗu da rabi, abin lura ga masu Free Fire da ke karanta jadawali a shafukan can, domin lokacin da aka sa wa yankinsu ba lallai ya zama na yankinka ba.

Wasu wasannin ma suna da ranar gyara da aka san su da ita. eFootball na rufewa kowace Alhamis tun kafin asuba a agogonmu har zuwa safiya, kuma idan za a shiga sabuwar kakar wasa gyaran kan ɗauki kwanaki. Steam, shagon wasannin kwamfuta, kan yi ɗan gajeren gyaransa ranar Talata da yamma a Amurka, wanda ke faɗowa tsakar daren wayewar Laraba a nan. Fortnite na rufewa duk lokacin da za a shiga sabon zango. Kuma ka riƙe lokacin buɗewa da aka faɗa kamar alƙawarin tela: a watan Maris na 2024 gyaran sabon zangon Fortnite da aka zata na 'yan awanni ne ya ci kusan yini guda.

Na uku, fili. Afdet na bukatar wuri fiye da girman da aka rubuta, domin sai an sauke shi, a warware shi, a haɗa shi da tsohon, kafin a share ragowar. Idan an ce gigabait 2, ka tanadi aƙalla ninkinsa. Kwashe bidiyoyin WhatsApp da suka taru, su ne suka fi cin wuri a yawancin wayoyinmu. Masu PlayStation 4 (PS4) sun san wannan azabar, inda na'urar ke neman fili mai yawa don kwafe wasan ko da afdet ɗin ƙarami ne.

Na huɗu, data da wuta. Danna *323# ka ga abin da ya rage maka, lambar ɗaya ce yanzu a dukkan layuka, *312# kuma don saye. Yi lissafi kafin ka fara: a gudun megabit 5 cikin daƙiƙa, gigabait 1 na ɗaukar kusan minti 27, gigabait 20 kuma kusan awa 9. Wannan idan sabis bai yi tsalle ba ke nan. Idan layinka na da tsarin datar dare mai rahusa, ka duba iyakarsa da awannin da yake aiki kafin ka dogara da shi. Shiga Play Store ka hana sabunta manhajoji da datar waya kai tsaye, kada ka farka ka tarar afdet ya shanye kuɗin mako. Cika waya da fawa bank tun da wuta. Mai PS ko kwamfuta kuwa kada ya fara girka babban afdet a lokacin da ya san ana yawan ɗauke wuta a layinsu, sai in yana da inbata ko sola. Yankewar wuta ana tsakar saukewa ba ta cika ɓarna ba, yawanci na'urar na ci gaba daga inda ta tsaya. Yankewa ana tsakar girkawa ita ce ke lalata fayil.

Idan an ba da damar saukewa tun kafin ranar fitowa, yi amfani da ita. A PlayStation sau da yawa ana buɗe wannan ga wanda ya riga ya biya kwana biyu kafin ranar. Amma kada ka yi mamaki in ka tarar da wani ƙarin afdet na jiranka a ranar farko.

Ranar ta zo, wasa ya ƙi buɗewa

Mataki na farko: karanta abin da aka rubuta maka. Abin dariya ne amma yawancinmu ba ma yi, hannu ya riga ya saba da danna maɓallin rufewa. Idan ka ga kalmar "maintenance", gyara ake yi, magana ta ƙare, ajiye waya. Idan ka ga lambar layi tana raguwa, sabar na aiki, cunkoso ne. Idan an ce zubin wasanka ya tsufa, afdet ne ba ka yi ba. Idan kuma lambar kuskure ce, ɗauki hotonta kafin ta ɓace.

Mataki na biyu: gwada intanet ɗinka da wani abu dabam. Kada ka gwada da saƙon WhatsApp, shi ko da sabis mai sanda ɗaya yana lallaɓawa ya wuce. Buɗe bidiyo a YouTube, ko wani wasan intanet na wani kamfani. Idan bidiyo na tafiya sumul, wancan wasan ma ya buɗe, to layinka lafiya yake.

Mataki na uku: je ka ji daga bakin masu abin. PlayStation da Xbox da Epic Games duk suna da shafin da ke nuna halin da sabobinsu ke ciki, sauran kamfanoni kuma kan sanar a shafukansu na X ko Facebook ko Discord. Ka tabbata shafin na gaskiya ne, domin na bogi sun fi yawa. Sai dai kamfani kan yi jinkirin amsa laifi, saboda haka ka leƙa Downdetector, inda ake tattara koken jama'a. Idan ka ga zanen ya miƙe sama kamar hasumiya cikin rabin awar da ta wuce, ba kai kaɗai ba ne.

Mataki na huɗu, wanda a ganina ya fi sauran amfani a nan garin: tambayi mutum biyu. Ɗaya mai layi irin naka a wata unguwa, ɗaya mai wani layin dabam. Kana Kawo da MTN, ka tambayi na Barnawa mai MTN da na Tudun Wada mai Airtel ko Glo. Idan duk kun kasa shiga, daga kamfanin wasan ne. Idan masu layi ɗaya ne kawai suka kasa, hanyar layin ce. Idan kai kaɗai ne, to ko eriyar unguwarku ko wayarka. Minti biyu a zauren WhatsApp na abokan wasa sun isa a warware wannan.

Akwai kuma ranar da laifin ba na kowa ba ne a cikin waɗannan. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya da maƙwabtanta na kwanaki. Ranar 20 ga Oktoba 2025 kuma matsala a cibiyar sabobin Amazon da ke gabashin Amurka ta kayar da Fortnite da Roblox tare da tarin manhajojin da ba ruwansu da wasa. Alamar irin wannan ita ce abubuwa da yawa da ba su da dangantaka su lalace lokaci guda. Ranar nan ba abin da za ka gyara a wayarka.

Idan ta tabbata daga wajensu ne

Kada ka goge wasan. Kada ka shiga saitin waya ka danna "Clear data", wannan daidai yake da gogewa, zai share fayilolin da ka sauke da shaidar shigarka. Kada ka fita daga asusunka da niyyar sake shiga, domin ƙofar da ta cushe ita za ka koma bi. Kada ka yi ta canza kalmar sirri, wani tsarin zai ɗauka ɓarawo ne ya kulle asusun na ɗan lokaci.

Idan kana kan layi, zauna a layinka. Rufewa da sake buɗewa yawanci ƙarshen layi yake mayar da kai, kamar wanda ya gaji da jiran ATM ya tafi shan shayi. Jona waya a caji, ƙara lokacin da fuskarta ke ɗauka kafin ta mutu, kada ka fita zuwa wata manhaja domin waya mai ƙaramin ƙarfi na iya kashe wasan a bayan fage. Idan ba layi ba ne, ƙin shiga ne kawai, gwada sau ɗaya duk bayan minti 15 ko 20.

Lokaci ma dabara ne. Agogonmu kusan ɗaya ne da na Turai, don haka bayan isha'i, lokacin da kowa a Kaduna ya samu sarari, shi ne lokacin da Turawa suka dawo daga aiki, Amurkawa kuma na shirin shigowa. Bayan sallar asuba ya fi sauƙi nesa ba kusa ba ga wasannin da sabarsu ke Turai, kuma sabis ɗin unguwa ma ya fi sakewa a lokacin.

Wata matsalar da ke kama da faɗuwar saba ita ce afdet ya fito amma bai iso Play Store ɗinka ba. Kamfanoni kan saki sabon zubi kashi-kashi, wasu su samu yanzu, wasu bayan awanni. A nan ne ake cin kasuwar masu gaggawa. Za a turo maka fayil ɗin APK, wato na girka manhaja a waya, a Telegram ko WhatsApp a ce sabon ne, har da ƙarin lu'ulu'u ko kuɗin wasa kyauta. Kada ka taɓa. Mafi sauƙin abin da zai same ka shi ne a rufe asusunka saboda amfani da manhajar da aka yi wa kutse, mafi muni kuma a kwashe bayanan wayar da manhajar bankinka ke ciki. Haka shafukan da ke cewa ka sa sunanka da kalmar sirri don karɓar diyyar faɗuwar saba. Diyyar gaskiya cikin akwatin saƙon wasan take zuwa, ba a tambayarka komai. Abin da za ka yi kawai shi ne ka nemo wasan da sunansa a Play Store, ka buɗe shafinsa ka ga ko maɓallin sabuntawa ya bayyana.

VPN fa, wato manhajar da ke bi da intanet ɗinka ta wata hanya ko wata ƙasa? Ba ya tayar da sabar da ta faɗi. Yana iya taimakawa idan hanyar layinka ce ta toshe, amma yana ƙara jinkiri, kuma wasu kamfanoni na hukunta wanda ya yi amfani da shi don sauya yanki. Ni ba na kusantarsa da asusun da na kashe wa kuɗi.

Idan ta tabbata daga wajenka ne

Bi daga mai sauƙi zuwa mai tsada. Kunna alamar jirgin sama na rabin minti ka kashe. Kashe wayar gaba ɗaya ka kunna, in kana da MiFi ko rauta shi ma haka. Duba agogon wayar, ya zama yana saita kansa, domin kwanan wata da ba daidai ba na hana shiga. Sauya layi ko ka roƙi wani ya buɗe maka hotsifot na minti biyu don gwaji. Daga nan sai "Clear cache", wanda tarkacen wucin gadi kawai yake sharewa, ka lura da kyau kada yatsanka ya zame zuwa maƙwabcinsa. A PS ko kwamfuta za ka iya sauya DNS zuwa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare, wani lokacin yana warware matsalar gano adireshin saba, ko da yake ba ya ƙara gudun intanet kamar yadda ake yayatawa. Wasanni da yawa suna da maɓallin gyara fayiloli a shafin shiga, Steam ma na da nasa na tantance fayiloli, wanda ke sauke abin da ya lalace kawai. Gogewa da sake saukewa shi ne na ƙarshe, kuma sai bayan ka tabbatar asusunka a haɗe yake.

Maganar kuɗi

Kada ka sayi komai a cikin wasa a ranar da saba ke tangal-tangal. Banki zai cire kuɗin, amma sabar da za ta rubuta cewa ka biya tana iya kasa amsawa. Idan hakan ta faru, kada ka sake biya. Adana rasit ɗin da Google ko Apple suka turo maka ta imel, da saƙon cire kuɗi na banki, ka jira awanni, sau da yawa kayan na shigowa da kansu. Idan ba su zo ba, rubuta wa sashen taimako na wasan da lambar shaidarka da lambar rasit da lokacin da abin ya faru. Taƙaitaccen bayani da hoto ya fi zagi aiki.

Mai sayen sabon wasa a Steam ya san wannan: ana mayar da kuɗi cikin kwana 14 muddin ba ka buga fiye da awa 2 ba, kuma zaman da ka yi kana kallon layin shiga ana lissafa shi cikin awannin, tunda wasan a buɗe yake. Idan ka ga awa ɗaya da rabi ta wuce ba ka shiga ba, rufe ka yi shawara. A shagon PlayStation kuwa, da zarar ka fara saukewa damar mayar da kuɗi ta ƙuntata sosai. Wasan da ba ya aiki sai da intanet, ni dai ba na sayensa a makon farko. Helldivers 2 a Fabrairun 2024 sai da aka ƙayyade masa mutum 450,000 a lokaci guda, waɗanda suka samu shiga kuma suka ƙi fita ko da za su kwanta barci don kada su rasa gurbi, har sai da aka kawo tsarin korar wanda ya zauna ba motsi. Wanda ya saya bayan an gyara kuɗi ɗaya ya biya da wanda ya sha wannan wahalar.

Diyya kan zo idan abin ya yi tsawo. Rockstar ya raba wa 'yan GTA Online dala 500,000 ta cikin wasa a 2013. Da PlayStation Network ya ɗauke na kusan awa 24 a Fabrairun 2025, Sony ya ƙara wa masu PlayStation Plus kwana biyar. Ka riƙa duba akwatin saƙo, domin kyautar da yawa tana da wa'adin karɓa.

Ga mai gidan gem

Kai asararka ta kuɗin cefane ce, ba ta nishaɗi kawai ba. Kada ka sabunta dukkan na'urorinka a dare ɗaya. Yi wa ɗaya, ka gwada ta, in ta yi kyau ka bi sauran. Kashe sabuntawa ta kai tsaye a kan waɗanda yara ke buga ƙwallon mutum biyu a kujera ɗaya, domin wannan ba ya bukatar saba, kuma afdet da ya tsaya a rabi na iya hana wasan buɗewa ana tsakar ciniki. Idan wasanninka na saukewa ne ba na faifai ba, ka saita kowace na'ura a matsayin babbar na'urar asusunta tun intanet na lafiya, wannan ne ke ba ta damar buɗe wasa ko da PlayStation Network ya faɗi. Da yawa sun gane muhimmancin wannan a waccan Asabar ta Fabrairun 2025. Kada ka sa gasar unguwa a ranar afdet ko washegarinta. Kuma in yaro ya biya kuɗin awa guda don wasan intanet saba ta ƙi, ka faɗa masa tun kafin ya zauna, ko ka riƙe masa lokacinsa zuwa gobe. Fetur ɗin janareta da za ka ƙona ana kallon layi ba zai dawo ba.

Bayan ta tashi

Awannin farko bayan dawowa ba na wasan neman matsayi ba ne. Saba kan tashi ta sake faɗuwa sau biyu ko uku kafin ta daidaita, kuma tsarin wasanni da yawa ba ya bambance wanda saba ta jefar da wanda ya gudu da gangan, zai rage maka maki ko ya hana ka shiga na wasu mintuna. Buga wasan gwaji ko na sada zumunta tukuna. Duba kayanka da kuɗinka ka gwada da hoton da ka ɗauka jiya. Idan wani abu ya ɓace, fita ka sake shiga sau ɗaya, ka ba shi awa guda, domin rumbun bayanai kan biyo baya a hankali. Leƙa saitinka ma, babban afdet kan mayar da tsarin maɓallai da ingancin hoto yadda suke tun farko, wanda kan sa waya ta yi zafi ka ɗauka saba ce ke ja. Kuma ka bar ɗan fili da 'yar data a ajiye, domin kusan kowane babban afdet ƙaramin gyara na biyo bayansa cikin 'yan kwanaki.